Ruwan da Na Kwara wa Attajiri

Ina jin laifin ɗan wasan ne, ko da yake wataƙila nawa ya ɗan fi yawa. Wani tsohon wasan barkwanci na Italiya aka mayar Hausa a wani ɗakin taro a Gusau. Na gayyaci Yaya Sani, wan matar da zan aura, tun daga Bungudu ina yi masa bayanin wasan kamar ni na rubuta shi.

Ban taɓa ganin gwani irin wanda ya fito a tsohon attajiri ba. Da ya dafe ƙirji ya faɗi, ni har leɓɓansa na ga sun bushe. Na tuna taimakon gaggawa da aka koya mana a bautar ƙasa. Na haye dandamali da ruwan leda, na kwara masa a fuska.

Ya buɗe ido ɗaya ya raɗa mini, "Malam, mutuwar ƙarya nake, magada nake gwadawa."

Sai ya miƙe ya ɗaga hannuna. "Ga ɗan halak! Shi zan bar wa gidan!" Aka ɓarke da tafi.

Har yau, ko atishawa wani ya yi a gidan surukaina, sai Yaya Sani ya ce, "A ɓoye ruwa, ga Magaji nan."