Ƙuduji a Lambun Sarki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa sarki noma ba tare da ya gayyace ni ba.

Shekarar da maigidana Malam ya rasu ke nan, Allah ya jiƙansa. Na fita takaba gero yana fidda kai, na zauna gida a ƙauyenmu Ɗan Kassari ba na son zuwa ko'ina. Sai babban ɗanmu ya aiko da kuɗin mota, ya ce in zo birni. Ya samu aikin zagayawa da baƙi a wata tsohuwar fadar sarauta, amma gwaji ne na wata uku, kuma a ranar nan darekta zai bi shi ya saurara, ya ga ko za a riƙe shi. (Ɗan fari ne, ba za ku ji sunansa a bakina ba.)

Tun a ƙofa na ja masa kunne. "Kada ka nuna ka san ni. Baƙuwa ce ni kamar kowa."

"To, Inna," ya ce, yana dariya.

Muka shiga mu wajen goma sha biyar, har da Turawa uku, darekta a baya da ɗan littafinsa. Zaure bayan zaure, ginshiƙai kamar gindin kuka, rufi da zane ko ƙwaryar amarya ba ta kai shi ado ba. Yaron nan yana gaba, ya yi Faransanci, ya juya Hausa, ya jefa Zabarmanci. Ni dai ina kallon bango don kada a ga fuskata. A raina ina cewa, Malam, ga kuɗin waken da ka sayar ka kai shi lakwal ya yi boko.

Sai muka fito lambu. Inuwa, ruwa na gudu cikin 'yar ƙorama ta siminti, lemo da mangwaro a jere. Suka tsaya jin tarihin wata rijiya, ni kuwa idona ya faɗa kan wani abu a gefen hanya: siririn kara, ƙananan ganye, fure ja-ja mai shuɗi-shuɗi. Ƙuduji.

Wanda bai noma gero ba ba zai gane ba. Ƙuduji ciyawa ce da take kama saiwar gero ta shanye shi yana tsaye. Shekara talatin da ɗaya Malam yana faɗa mini: "Ko a gonar maƙiyinka ka gan shi, cire shi kafin ya zubda iri." Ban yi shawara da kaina ba. Na ɗaure gyale a ƙugu, na duƙa. Har ina jin haushin ma'aikatan fada, gida kamar wannan a bar shi da ƙuduji.

Na kai ƙarshen layi, dami a hannuna, sai na ji shiru. Na ɗago. Duka suna kallona. Wani tsoho mai tiyo a hannu, mai kula da lambun, ya matso a hankali.

"Hajiya, mi furen nan ya yi miki?"

"Wane fure? Ƙuduji ne."

"Daga ƙasar waje aka kawo irinsa. Wata biyu ina ba shi ruwa."

Na dubi layin da na bari. Kowane rami daidai da ɗan'uwansa, kamar an auna da igiya. Yaushe ƙuduji ya taɓa fitowa a layi? Na so ƙasa ta tsage. Darekta ya tambaya wa ya shigo da matar nan. Na roƙi Allah yaron ya yi shiru ya tsira da aikinsa.

Bai yi shiru ba. Ya zo ya karɓi damin daga hannuna, ya ce, "Uwata ce." Ya faɗa da Hausa, ya sake da Faransanci. Sannan ya yi musu bayanin ƙuduji, da abin da yake wa gero, da maganar ubansa. Ya nuna hannuna, ya ce da hannun nan aka cire wanda ke gonarmu har shi ya samu ya yi karatu. Da ya ambaci Malam, ya kau da kai. Ni ma na duba gefe.

Tsohon ya yi dariya. "Wallahi ɗan Matankari ne ni, a gonar gero na tashi. Kullum da safe sai na riƙe hannuna kada in tumɓuke shi."

Ni da tsohon muka mayar da furannin rami ɗaya-ɗaya, Turawa suna ɗaukar hoto. An riƙe yaron a aiki. Abin da ban yafe wa darekta ba shi ne, ya ce a riƙa ba kowane baƙo labarin idan an zo layin nan.

Tsohon ya ba ni tushe ɗaya a gwangwani, na dasa a gindin rumbun Malam. Na koyi cewa a gonar wani, baki ya kamata ya riga hannu. Amma ban koya wa kowa ba. Kwana uku da dasawa maƙwabciyata Ta-Allah ta shigo gaisuwa, ta duƙa, ta tumɓuke shi, ta jefar bayan danga.

"Kada ki gode," ta ce. "Malam ne ya koya mana."