Yadda Na Shirya wa Jirgin Tamale Zama

Ko na manta da duk tafiye-tafiyena, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hana jirgin sama tashi ba. Ni ɗin nan, mai sayar da mayafai da turare a bakin titin Maamobi, na tsayar da jirgi cike da mutane, kuma ban taɓa ko maɓalli ɗaya a cikinsa ba.

Bari in fara gaya muku matsayina a unguwa, don ku gane ta inda abin ya ɓullo. In matan Maamobi suka ɗauki hayar bas za a je biki Kumasi ko Koforiduwa, ni ake kira in shirya zama. Ba wanda ya naɗa ni, na dai iya ne. Tsofaffi a gaba, masu goyo gefen taga, masu jiki a baya kan taya, waɗanda ba sa ga maciji da juna kuwa in raba su nesa. Direbobi ma sun san ni. Ana yawan cewa in ban je ba tafiya ba ta daɗi (in ba wanda ya faɗa, ni nakan faɗa da kaina).

To, ƙanina ya tashi aure a Tamale. A daidai lokacin 'yata Zuwera, mai shekara uku da 'yan watanni, ta tashi daga zazzaɓin da sai da ya kwantar da mu a asibiti. Ta rame, wuyanta kamar na ɗan tsako, ba yadda za ta iya yini guda a mota. Sai angon ya saya mana tikitin jirgi ta waya. Bas ɗin mata ya tafi ba ni, na raka su har tasha ina musu jajen yadda za su sha ramuka. Tun ina yarinya jirage ke wucewa ta saman rufinmu suna katse mana hira, ban taɓa shiga ba, don haka kowa a layinmu sai da ya ji labarin tafiyar nan, har mai koko.

A filin jirgi aka ba ni kati biyu. Ban duba su ba, hankalina na kan jakata da ake aunawa, wadda rabin kayan cikinta saƙon mutane ne. Sai da muka hau matakala na ga jirgin ƙarami ne, mai farfela, kujeru bibbiyu dama da hagu. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, wata doguwar budurwa, ta karɓi katunan ta duba, ta ce kujerar yarinya tana nan gaba, tawa kuma can baya gefen taga.

Na yi dariya na ce ba komai, zan ɗora ta a cinya, yadda muke yi a tirotiro, motar hayarmu ta cikin gari. Ta ce a'a, yaron da ya wuce shekara biyu dole ya zauna a kujerarsa a ɗaure masa bel. Ta ce in ɗan samu wuri in jira, in kowa ya gama shiga za ta dawo kaina.

Duk wanda ya taɓa zuwa ofis a garin nan ya san abin da “jira, zan dawo kanki” ke nufi. Na dubi Zuwera. Yarinyar da ko injin niƙa aka tayar sai ta ɓuya a zanena, yarinyar da har yanzu alamar allura ke bayan hannunta, ita ce za ta zauna cikin baƙi lokacin da abin nan zai fara ruri, ni ina can ƙarshen jirgi a ɗaure? Na ce a raina, yau ko ni ko jirgin nan.

Kusa da kujerar Zuwera wani dattijo ne da farin gemu da carbi. Mu ba a tashe mu da tambayar babba abu a tsaye ba, sai na durƙusa a tsakiyar hanya na fara gaisuwa. Na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi ƙarfin jiki, shi ma bai yi ƙasa a gwiwa ba yana amsawa dalla-dalla yana mayar mini. Layin da ke bayana ya kai har matakala, wani yana ta tsaki da Turanci. Da na zo kan buƙata, Alhaji ya ce da zuciya ɗaya zai ba ni wurinsa, sai dai gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ba zai iya gefen taga ba, sai bakin hanya.

Wannan ai ƙaramin aiki ne. Na samo wani saurayi mai kujerar bakin hanya, ya ce zai tashi in za a haɗa shi da abokinsa. Na tayar da wadda ke kusa da abokin, ita kuma ta ce ba ta zama kusa da farfela. Na samo mata wuri. Daga nan ne, jama'a, hannuna ya faɗa, na manta cewa kujera ɗaya tak na zo nema.

Na ga mata da miji a rabe, na haɗa su. Na ga mai goyo a bakin hanya, na mayar da ita taga. Can baya na hango Hajiya Memuna ta unguwar Kanda, goggon amaryar da za mu je bikinta, mace mai jiki da kwarjini, tana zaune ba abokin hira. Na ɗaga mata hannu, nan take na tura mata wasu 'yan kasuwa mata masu jiki irin nata su taya ta zama, tunda dama wurin masu jiki baya ne. Mazajensu suka bi su. Ma'aikaciya ɗaya tana bakin ƙofa, ɗayar tana kokawa da wata jaka da ta ƙi shiga ma'aji. Abin mamaki, ba wanda ya yi mini gardama. Ga sabon leshi, ga ɗaurin ɗankwali, ga murya, na ce tashi sai mutum ya tashi.

Na dawo na zauna a gaba kusa da Zuwera, na ɗaure mata bel, na gyara mayafi. Ban taɓa jin na cika mace kamar lokacin nan ba.

Aka rufe ƙofa. Doguwar ma'aikaciyar ta bi layi tana ƙirga mutane. Ta kai baya, ta dawo, ta tsaya ta dubi kujerun gaba da suka zama wayam sai mu da wasu 'yan sirara. Ta sake komawa. Sai ta shiga wurin matuƙi. Jim kaɗan murya ta fito ta lasifika, cikin ladabi, da Turancin da ko ni na gane. Wai jirgin ƙarami ne, an raba wa mutane kujeru ne yadda nauyi zai daidaita gaba da baya, yanzu kuwa nauyi ya taru a baya, ba za a tashi ba sai kowa ya koma kujerar da ke kan katinsa.

Kalmar “nauyi” ta tsaya a iska, matan baya suka dubi juna. Ma'aikaciyar ta tambaya, wa ya ce mutane su canja wuri?

Ban taɓa ganin yatsu sun haɗa kai irin na ranar ba. Wani ɗan unguwar Nima daga tsakiya ya ƙara da cewa, “Wannan Hajiya ne. Mu mun ɗauka shi ne manaja na jirgi.”

Dariya ta ɓarke tun daga gaba har baya. Na ji zufa na bin bayana duk da sanyin da ke cikin jirgin. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ko ƙasar ma ba a kanta nake ba sosai. Mutane suka miƙe suna ta gogar juna, ana sauke jakunkunan da aka riga aka ɗora, kowa ya zo wucewa sai ya dube ni. Alhaji ya dawo yana jan ƙafa ya tsaya a kaina, yana jiran wurinsa, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Na kwance bel na miƙe. Zuwera ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai ɗago ido ta dube ni, ta kama yatsana da hannun nan mai alamar allura. Nan kunyar ta sake ni, ko in ce na ajiye ta gefe.

Na juya na fuskanci jama'a na ce, “Ku yi mini haƙuri, ni na ɓata muku lokaci. Amma yarinyar nan jiya-jiya ta fito asibiti, shekararta uku. Ba za ta zauna ita kaɗai ba. In babu hali, a buɗe ƙofa mu sauka.”

Da gaske nake. Na riga na hango auren ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ɗaurawa ba ni, na kuma yarda.

Ma'aikaciyar ta ce ai ta ce in jira ta. Na ce haka ne. Ta karɓi katina ta duba, ta nufi baya ta ga wanda ke kusa da kujerata, kujerar da ni ko leƙa ta ban yi ba. Ba kowa ba ce sai Hajiya Memuna. Kafin a gama yi mata bayani ta riga ta miƙe, ta rataya jaka.

“Kawo yarinya nan ya zauna da uwanshi,” in ji ta. “Ni zan tafi gaba. Tunda nauyi ne suna so, ga shi nan yana zuwa.”

Wannan karon dariyar ba a kaina ta sauka ba. Ma'aikaciyar ta leƙa ta shaida wa matuƙi, aka amince. Canji ɗaya ke nan, mutum ɗaya. Duk hidimar da na sha, bai taɓa zo mini a rai in ɗauki 'yata mu koma baya ba. A lissafina gaba wurin manya ne, ni kuma na riga na sa kaina a cikinsu.

Muna tafiya baya ina riƙe da Zuwera, sai wata yarinyar mace, da gani ba ta daɗe da zuwa daga arewa ba, ta ɗaga hannu a hankali. Ashe ita ma an raba ta da 'yarta, tana layi uku a gabanta kusa da wani mutum, tun ɗazu tana ta leƙe ta kasa magana. Ma'aikaciyar ta gyara musu nan take. Da na zo wucewa ta ce mini, “Mma, Allah ya biya.” Na gyaɗa mata kai na wuce.

Da farfela ta fara juyawa, Zuwera ta cusa kai a jikina don tsoro, na rufe mata kunne da tafina ina karanta duk abin da ya zo bakina (rabin addu'ar tawa ce, gaskiya, don ni ma a tsorace nake). Jirgi ya ɗaga. Can ta ɗago ta leƙa taga, ta ce motoci sun zama ƙanana. Ba a jima ba ta yi barci da kanta a hannuna, ban motsa ba har muka sauka, hannun ya yi tsami na bar shi.

Labarin kuwa ya riga ni isa gidan biki, don Hajiya Memuna ba ta san ɓoye abin daɗi ba. Har aka watse ba wanda ya kira ni da sunana, sai Manaja. Dangin amarya suna zuwa takanas su gan ni. Na sha tsiya, na kuma ci shinkafata da kyau.

Da za mu dawo, tun a wurin auna kaya na ajiye katunan a gaban mai ba da su na ce a duba, ni da yarinya wuri ɗaya. Ya danna na'ura ya gyara kafin in gama gyara ɗankwali.

Abin da na koya shi ne, in an raba ki da ɗanki a jirgi, buɗe baki ki faɗa wa masu jirgin, tun a ƙasa, da babbar murya in ta kama. Sauran fasinjoji kuwa ki bar su inda Allah da na'ura suka ajiye su. Amma kada in yi muku ƙarya: da za a sake cewa Zuwera ta zauna can ni nan, zan sake tsayar da jirgin. Sai dai wannan karon ba zan taɓa masu jiki ba.