Ɗan Hantsi Ya Rasu, Komfuta Ta Ce Yana Raye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Huseina mai daddawa ta Unguwar Maƙera a ƙasar Makoda, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Abdulkabir ya kashe mana famfo. Abdulkabir nake nufi, jami'in ƙungiyar da ta haƙa mana rijiyar burtsatse, mai farin tabarau da jakar komfuta, wanda ofishinsa yake Ɗambatta. Bai ɗauki guduma ba, bai yanke waya ba. Daga zaune a kan kujera ya kashe shi. Ni ban yi boko ba, Sadiya matar ɗana ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Marigayin, wanda aka fi sani da Ɗan Hantsi, ya cika ranar Laraba da azahar, a tsakiyar bazara, yana da shekara shida a duniya, bayan jinyar wata biyu da ko hannu ba a ɗora masa ba.

Mun sa masa wannan suna ne saboda da hasken rana yake aiki. Rana na ɗagowa ta taɓa faifan sola, sai a ji shi daga can ƙarƙashin ƙasa, zuuuu, a hankali kamar mai gyaran murya. Jim kaɗan ruwa ya fara zuba a tanki, ƙululu, ƙululu. Da wannan muryar muke sanin lokacin ɗaukar bokiti. Bai taɓa neman fetur ba. Bai taɓa tambayar 'yar gidan wa ce ke ɗiba ba, har makiyaya masu wucewa ya shayar da su da shanunsu. Yana da halinsa, ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu: in hadari ya rufe rana sai ya yi fushi ya yini bai ce uffan ba. Amma waye ba shi da nasa?

Wanda bai san sana'ata ba ba zai san abin da na rasa ba. Kalwa sai an dafa ta ta yi laushi, a surfa, a wanke ruwa uku, wani lokaci huɗu, kafin a sake mayar da ita wuta. Shekara talatin na yi ina jan guga a rijiyar fadama don wannan aikin, har tafin hannuna ya zama kamar ƙirgi. Ɗan Hantsi ne ya hutar da ni. Shekara shida ban taɓa igiya ba.

A da, in ya yi tari, abin ba wuya. Duk wanda zai shiga kasuwar Ɗambatta sai a ba shi saƙo ga Yahya makanike, wanda ƙungiyar ta ɗauka don kula da famfunan yankin nan. Washegari ga shi a kan babur. Ya kanga kunne a jikin bututu, ya san abin da ke damunsa, ya gyara, ya ci tuwo, ya tafi.

Bara bayan girbi Abdulkabir ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa ya ce an daina aika baki. Ya ce kwana biyu ya yi yana dasa wata manhaja a komfuta, wadda za ta riƙa karɓar ƙorafin kowane famfo ta intanet, ta ba kowane ciwo lamba, har manyansa na Kano su gani. Ya juyo mana da fuskar komfutar. Ja yana nufin a hanzarta, ruwan ɗorawa ana dubawa, kore an warke. Da bakinsa ya faɗa, yana murmushi, cewa shi ya shigar da sunayen ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, shi ya tsara mata ƙa'idojinta. Daga ranar Yahya ba zai motsa ba sai lamba ta yi ja. Aka manna hatimi a akwatin injin, aka ce duk wanda ya ɓalle shi ba tare da lamba ta yi ja ba, ƙungiya ta zare hannunta daga famfon har abada.

Sannan ya ba da kalmar sirri guda ɗaya ga kowane ƙauye. Tamu ya ba mai unguwa Usaini, mutumin da rabonsa da ɗaga bokiti tun kafin ya yi aure. A wurin na ce masa, ɗan nan, mu mata mu ke jin muryar famfon nan, a ba mu. Ya yi dariya ya ce Inna, haka tsarin yake.

Ciwon ajali ya fara ne da wata ƙara, ƙyar-ƙyar-ƙyar, ruwa kuma ya riƙa zuwa da yashi a gindin bokiti. Na je na taso mai unguwa. Muka hau tudun bayan firamare, don nan kaɗai ake samun sabis a garin nan. Shafin ya tambaya, ciwon ƙarami ne, matsakaici, ko mai tsanani. Usaini ya danna ƙarami. Na ce mai unguwa, ƙarami fa? Ya ce Huseina, mutanen da suka haƙa maka rijiya kyauta ba ka cika musu kunne da kuka, kuma ruwa na zuwa, in ka ce mai tsanani ka yi wa Allah butulci, ka kuma yi wa famfo mugun baki. Ban ga laifinsa sosai ba, haka aka rene mu. Ko ɗanka ne a kwance ba ka kai ƙararsa da babbar murya. Aka ba mu lamba ɗari biyu da sha huɗu, muka sauko muna jiran Yahya.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne, Abdulkabir ya tsara cewa duk ƙaramin ƙorafi, in ya yi sati biyu ba a ƙara magana a kansa ba, ya rufe kansa da kansa. Mu muna haƙuri don kada a ce mun matsa, komfuta tana lissafa haƙurinmu a matsayin warkewa. A rana ta sha biyar lambarmu ta koma kore. Abdulkabir ba Bature ba ne. Bahaushe ne, uwarsa Bahausa ce, ya san wanne daga cikin ukun dattijon ƙauye zai danna. Ya sani, ya kuma ɗana wannan tarkon a bayansa.

Marigayin ya ci gaba da jin jiki. Muryarsa ta koma gurrr, ya tsaya, gurrr, ya tsaya. Yahya ya zo don kansa, saboda sabo. Ya kanga kunne a bututu ya daɗe, ya ce yashi ne ke cin cikin injin, in an ciro shi yanzu aikin rabin yini ne. Yana faɗa hannuwansa na goye a baya. Na ce to bismilla mana. Ya nuna mini wayarsa, ga kore, ya ce Inna in na taɓa hatimin nan sun sallame ni, ku ma sun sallame ku. Ranar ko ruwa bai sha ba ya hau babur.

Sai muka yi abin da muka iya. A garin nan in kana neman abu wurin babba, ba ka zuwa kai kaɗai, ba ka kuma zuwa sau ɗaya. Ana taruwa, a je, a koma, a sake komawa, har kunya ta kama shi. Mata arba'in da ɗaya muka ari wayar mai unguwa. Kwana uku muna layi a kan tudun nan cikin ranar bazara, kowace ta faɗi nata da bakinta, Sadiya tana shigarwa, kowace kuma mai tsanani muka danna. Muka sauko muna cewa yau ko dutse ne a ofishin nan sai ya motsa.

Ashe akwai wata ƙa'idar. Duk ƙorafin da ya zo a kan famfo ɗaya, manhajar tana ce masa maimaici, ta haɗa shi da na farko. Na farko kuwa a rufe yake. Bakin mata arba'in da ɗaya aka zuba a tukunyar da aka riga aka liƙe, ba wanda ya ji ko ɗaya. A wurinmu yawan baki nauyi ne. A wurin komfutar Abdulkabir shara ce.

Sau biyu na je Ɗambatta da gwiwoyin nan nawa. Zuwan farko aka ce yana taro a Kano. Na biyu na same shi, ya ba ni kujera, ya juyo mini da komfutar ya nuna kore, kamar ni ce ban san abin da na baro a gida ba. Ya ce ba shi ya rufe ba, manhaja ce. Na ce wa ya koya mata? Ya ce canza ƙa'ida yanzu sai da izinin Kano, neman izinin kuma sai an shigar da shi a cikin manhajar, ya shigar, tasa lambar tana ruwan ɗorawa. Wanda ya ɗaure akuya yake gaya mini bai san bakin igiya ba.

Ranar Laraba Fadima maƙwabciyata, mai ciki wata takwas, ita ce a gaba a layi. Muka ji tsut, tsut, sai ƙis. Ƙaurin waya ya taso daga akwatin. Bokitinta bai kai rabi ba.

Ya rasu ya bar tanki ɗaya da rana ke gasawa babu ɗigo a cikinsa, da faifan sola takwas da har yau suke kallon sama ba su san an yi mutuwa ba, da kawunan famfo huɗu da awaki ke zuwa suna lasa. Ya bar gidaje sittin da uku. Ya bar Fadima, wadda yanzu take zuwa fadama da jarka, tana hutawa sau uku a hanya. Ya bar ni da buhun kalwa biyu a ɗaki, ƙwari sun fara shiga, na kuma koma kan igiyar da na yi zaton mun rabu.

Ga abin da ya hana ni haƙuri. Yahya ya gaya mana ƙungiyar za ta raba sababbin injuna kafin damina ga ƙauyukan da nasu ya mutu, ƙarshen watan nan za a rufe sunaye, kuma daga cikin manhajar za a ciro su. A can Ɗan Hantsi lafiyarsa ƙalau. Ba mu isa mu gyara shi ba, ba mu isa mu ciro shi ba, ba mu isa ma mu ce ya mutu a yarda ba.

Game da jana'iza, liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, na kuma yarda. Binnewa ma ba ta taso ba, don gawar tana can ƙasan rijiya, hatimi ya hana a fito da ita. Saboda haka zaman makoki kawai za a yi, ranar Litinin da safe, a ƙofar ofishin ƙungiyar da ke Ɗambatta. Motar haya biyu za su tashi daga bakin titi. Kowace mace ta zo da tabarmarta da jarkarta babu kowa a ciki. Masu zuwa ta'aziyya daga Kunci da sauran ƙauyuka su taho da ruwan shansu, kada kuma su sa ran abincin sadaka, ba mu da abin dafa shi.

Kai kuma Abdulkabir, kai za ka karɓi gaisuwa. Ka fito da komfutar waje, ka buɗe ta a gabanmu, ka goge koren nan da yatsanka, ka rubuta ya mutu, ka sa sunan Unguwar Maƙera cikin masu karɓar inji kafin wata ya ƙare. In ka ce ba kai ba ne, to ka kawo mana wanda shi ne, mutum mai ƙafa da kunne da baki, ya tsaya gaban Fadima ya yi mata bayani. Ba za mu naɗe tabarma ba sai wani ya amsa.