Ranar da Na Haɗa Haruna da Haruna

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Awali, unguwar gonakin dabino ta Madina, ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunan unguwar da aka yanke mini cibiya. Abu uku na zuba a faifai ranar, bari in lissafa muku tun daga farko: rigunan ƙwallo ashirin da biyu sababbi fil, da sunana na mutumin da idonsa ba ya kuskure a ciniki, da kuma kujerar shugaban kwamitin gasar ɗalibai, wadda na shekara shida ina haɗiyar miyau a kanta. Rigunan ba su dame ni ba. Kujerar ce ta hana ni sakat.

Ni dillalin dabino ne a Madina. Da jaka ɗaya na shigo garin nan, na fara da dakon kwali, har Allah ya kai ni ga buɗe shago (da sunan kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini, kamar na kowa, amma gumin nawa ne). Ina sarowa daga gonakin Awali in sayar wa alhazai da 'yan umara, wani lokacin ma in bi motocinsu har Bi'ir Ali, inda suke ɗaura harami, saboda masu tuna tsaraba a ƙurarren lokaci. Boko kuwa a aji huɗu na firamare muka yi sallama da shi. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙaiƙayin da ya kai ni ga susa a bainar jama'a.

A wancan lokacin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ɗalibanmu masu jin Hausa da ke karatu a jami'a da kwalejojin garin suna da gasar ƙwallo tasu ta kansu bayan jarrabawa. 'Yan Najeriya ne da Nijar da Gana, har da na Sudan da Chadi. Ƙungiya takwas, kowace da sunan sashen karatunta: Shari'a, Hadisi, Da'awa, Lugga, da sauransu. An raba su rukuni biyu, huɗu suna buga wasanninsu ranar Alhamis, huɗu ranar Juma'a, sannan zakaran wannan rukuni ya kara da zakaran wancan. Kwamitin da ke kula da gasar duk manyan 'yan boko ne, likitoci biyu da injiniya da malamin jami'a. Shugabansu Dakta Sa'idu, likitan yara, mutum mai sanyin magana kamar yana lallashin mai zazzaɓi. Shi ya tsara rukunan tun asali, kuma a shekarar ya ce ya gaji, zai sauka.

Ɗaliban kan biyo shagona su ci dabinon sadaka, su kuma ba ni labarin wasanni. Ni kuwa sai in rubuta sakamakon a bayan kwali. Daga nan cutar ta kama ni. Da zarar ciniki ya lafa sai in ɗauki alƙalami in fara “da ni ne”. Da ni ne da na mayar da Da'awa rukunin Juma'a. Da ni ne da na yi rukuni uku. Da ni ne da na ware masu ƙarfi gefe guda, raunana gefe guda, kamar yadda ake ware dabinon ajwa da na safawi. Wata rana na raba su bisa nisan ɗakunan kwanansu da fili, washegari na rushe na raba su bisa ƙasashen da suka fi yawa a cikinsu. Maƙwabcina mai sayar da tasbaha har guduna yake yi in ya ga na juya kwali.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ban taɓa zuwa filin ba. Ko sau ɗaya. (Ku yi mini adalci, bayan la'asar ɗin Alhamis da Juma'a shi ne lokacin da kasuwa take ci. Wane dillali ne zai rufe shago ya je kallon ƙato yana bin fata?) Duk ƙwarewata a bayan kwali take.

A bayan kwalin ne kuma na gano abin da na ɗauka ya fi ƙarfin idon likitoci. Hadisi tana rukunin Alhamis, Lugga tana na Juma'a. Kowace shekara Hadisi ta zo ta biyu, Lugga ma ta zo ta biyu, don haka ba su taɓa haɗuwa ba. Kuma kowaccensu tana da ɗan wasa mai suna Haruna wanda ba ya fita fili bai ci ba. Ranar Alhamis a ce mini Haruna ya ci uku, ranar Juma'a a ce Haruna ya ci biyu. Sai na raɗa musu Haruna na Hadisi da Haruna na Lugga. Duk sa'ad da na tambayi ɗaliban wanne ya fi wani, sai su kalli juna su tuntsire da dariya. Na ɗauka iya maganata ce take burge su.

Da aka kira taron kwamiti a gidan Dakta Sa'idu da ke Harra ta Yamma, na roƙi a ba ni minti goma. Na je da kwalina a hammata, na sha sabuwar jallabiya. Na fara da alheri, kamar yadda ake buɗe kowane ciniki: zan saya wa ƙungiyoyi biyu riguna, kuma na yi magana da Ammi Salim, Balaraben da nake sarar dabinon gonarsa, ya ba mu aron fili a gefen gonar. Sannan na baje sabon tsarina, Hadisi da Lugga a rukuni ɗaya, kuma su za su buɗe gasa.

“Dakta,” na ce, “da girmanka da komai, tsarin nan naka na wanda bai taɓa sayar da ko ƙwayar dabino ba ne. Kana da ajwa iri biyu, ka ɓoye ɗaya a wannan shago, ɗaya a wancan. Zuba su a tire ɗaya mana mutane su gani!”

“Alhaji, akwai dalilin da ya sa muka...”

“Dalilin ɗaya ne, kun saba. Sabo kuwa turken wawa.”

Na faɗi wannan ga likita, a falonsa, ina shan shayinsa. Injiniya ya ɗaga kai yana nazarin fanka. Dakta ya sake gwadawa, na sake tare shi. A karo na uku sai ya yi murmushi ya ce, “To, Alhaji, Allah ya ba da sa'a.” Aka tsayar cewa za a gwada tsarina, in an buɗe gasa lafiya sai a zaɓi sabon shugaba. Na fito ina jin ƙamshin kujera.

Cikin makon nan sau biyu lambar Dakta tana fitowa a fejata (lokacin wayar hannu ba ta yaɗu ba, sai ɗan abin nan da ake maƙalawa a ƙugu). Na ƙi kira. Na ce so yake ya lallashe ni in janye. Ranar Laraba kuma wani dogon ɗalibi ya shigo shago, ya durƙusa har ƙasa.

“Baba Alhaji, sunana Haruna. Wata magana ce game da wasan gobe.”

“Na Hadisi ko na Lugga?”

Ya sosa ƙeya. “To, ai maganar ke nan, Baba...”

Na san irin wannan sosa ƙeyar, ko kuma na ɗauka na sani. Na cika masa leda da safawi, na ce in takalmi yake so sai ya ci ƙwallo tukuna. Ana haka motar 'yan umara ta tsaya a ƙofa, na bar shi nan a durƙushe.

Alhamis ta zo. A karon farko a rayuwata na rufe shago da la'asar. Filin ya cika, ɗalibai da ma'aikatan gona da 'ya'yanmu haifaffun nan, waɗanda za ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. An shimfiɗa wa manya darduma a inuwar dabino, Ammi Salim a tsakiya da butar gahawa, Dakta a gefensa. Na ari lasifika, na yi jawabi da Hausa, na maimaita da Larabcina na kasuwa. Na ce shekara shida ana tauye wa jama'a haƙƙinsu, yau za a ga Haruna da Haruna.

“Hadisi!” na kira.

Mutum goma sha ɗaya suka fito cikin korayen riguna. Aka yi tafi.

“Lugga!”

Mutum huɗu suka fito cikin ruwan ɗorawa, suna tafiya kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Na jira. Na leƙa bayan katangar gona. Na ƙirga su kamar yadda nake ƙirga kwali, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba ƙari.

“Ina sauran?”

Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini masu korayen riguna da haɓa. Sai dogon nan da ya zo shago ya matso, ya ɗaga koriyar rigarsa. A ƙarƙashinta akwai ruwan ɗorawa. Wasu shida ma suka ɗaga tasu, har da mai tsaron raga.

“Baba Alhaji, abin da na zo gaya maka jiya ke nan.”

“Kai ne Haruna na Hadisi?”

“Ni ne.”

“To ina na Lugga?”

“Shi ma ni ne, Baba.”

Duk wannan tambaya da amsa, lasifikar tana bakina a kunne. Har masu hawan dabino a gonar maƙwabta sun ji. Sai dariya ta fashe a filin kamar an ɓalle bakin famfo. Wani haifaffen nan ya ɗaga murya, “Ya ammi, fen Harun at-tani?” wato ina Haruna na biyun. Mai tsaron raga kuwa, wani Bazabarme mai gaskiya, ya zo da ladabi yana tambayata, “Alhaji, ni wace raga zan tsaya?”

Dakta Sa'idu ya taso ya ja ni gefe, ya fara kashe lasifikar, sannan ya yi mini bayani a hankali kamar yana gaya wa uwa yadda za ta ba da magani. Sashen Lugga na sababbin zuwa ne masu koyon Larabci, ba su cika samun mutum goma sha ɗaya ba. Saboda kada ƙungiyarsu ta mutu, waɗanda suka gama can suka wuce Hadisi su suke komawa su buga musu ranar Juma'a. Dokar gasar ta hana mutum ɗaya ƙungiya biyu, shi ya sa kowa ya sani amma ba mai faɗa a taro. Rukunan da na kira turken wawa, an yi su ne don kada ƙungiyoyin nan biyu su taɓa haɗuwa.

“To da duka sun zo na ɗaya fa?” na tambaya, don in sami abin kamawa.

“Shekara shida muna addu'a a kan haka, Alhaji,” in ji shi. “Ba mu taɓa tunanin ta inda za ta ɓullo ke nan ba.”

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma jama'a sun taru, dole a buga wani abu. Aka ƙirga 'yan wasa, goma sha biyar ne, mai tsaron raga ɗaya. In za a yi takwas-takwas, saura gola guda. Ammi Salim, wanda aka gama fassara masa komai yana share hawaye da gefen ƙyallen kansa, ya nuna ni da kofin gahawa.

“Yalla ya Hajji, inta haris!”

Wato ni ne mai tsaron raga. Mutumin da kake cin abinci a gonarsa, a filinsa, a gaban baƙinsa, ba ka ce masa a'a. Na naɗe jallabiya na cusa a wando, na cire agogo, na tsaya a ragar Lugga da tumbina da shekaruna arba'in da bakwai.

Haruna yana Hadisi. Ƙwallon farko ban ganta ba, iskarta kawai na ji. Ta biyu na faɗi dama ta bi hagu. Ta uku na tare ta da ɗan yatsa, ta shige da yatsan. Kowace ya ci sai ya ɗaga hannu ya ce, “Afuwan, Baba Alhaji.” Kafin hutun rabin lokaci an zuba mini huɗu.

A hutun ne injiniya ya ce adalci shi ne Haruna ya koma Lugga, tunda su ma nasu ne. Na ce Alhamdulillahi, ashe akwai masu tsoron Allah a kwamitin nan. Sai malamin jami'a ya gyara tabarau ya ce in dai adalci ake nema, to a musanya masu tsaron raga ma. Aka mayar da ni ragar Hadisi. Haruna ya cire koriya, ya juyo, ya ƙara mini uku da afuwan uku.

An tashi huɗu da uku ana kiran magariba. Har yau akwai masu cewa ba a taɓa wasa mai daɗinsa ba a tarihin gasar. Ƙwallo bakwai, mai ci ɗaya, wanda aka ci ma ɗaya.

Bayan mako guda kwamiti ya zauna. Aka mayar da rukunan yadda suke, ba wanda ya ko kalli inda nake. Aka zaɓi injiniya shugaba. Dakta Sa'idu, wanda da ya ga dama da ya rama karin maganata, sai cewa ya yi a ba Alhaji wani muƙami tunda ya nuna kishi. Aka naɗa ni mai kula da ruwan sha da ƙanƙara, da sharaɗin in halarci kowane wasa da ƙafata. Na karɓa da hannu biyu, ɗaya a naɗe da bandeji.

Ni da nake gaya wa sababbin dillalai ba a cinikin biri a sama, sai ga shi na sayi biri biyu, ashe ma ɗaya ne. Tun daga ranar, in na ga tsarin da ya yi mini kama da wauta, nakan fara neman wanda ya yi shi, in ba shi shayi, in rufe bakina har ya kai aya.

In aka zo lissafin ƙarshe, kujera ta tafi, cinikin la'asar na Alhamis da Juma'a ya tafi duk lokacin gasa, yatsana bai ƙara miƙewa daidai ba, kuma daga kasuwar dabino har Bi'ir Ali sunana ya koma Alhaji Gola. Ribar kuwa, na zauna a kwamiti ɗaya da likitoci shekara tara. A bakin ƙofa nake zama, kusa da kular ƙanƙara, amma dai a cikin ɗakin.