Biron Ƙaho Da Na Yi Wa Malam Basiru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi bikin sallamar Malam Basiru daga aikin koyarwa ba, domin a ranar ce rabin Ƙauran Namoda suka gane cewa mai yin biro bai iya karatu ba.

Ni masassaƙi ne. A ƙauyenmu, can wajen Dauran, turmi da ƙota nake yi. Abin da ya kore mu kowa ya sani. Na bar gona, na bar ƙanena a kabari, na iso Ƙaura da gizago da mata da yara huɗu. Malam Basiru, hedimasta ne a lokacin, shi ya buɗe mana ɗakin zaurensa ba tare da ya san ko sunana ba. Har yau Na Dauran yake kirana.

Shi ne kuma ya nuna mini hoton wani biro na katako a wayarsa, ya ce, "Hannunka zai iya wanga?" Na ce zai iya. Ya ba ni tsohon keken ɗinkin matarsa, na cire kan, na ɗaura ƙarfe, ƙafa na takawa itace na juyawa. Na fara da kanya. Daga baya na koma ƙahon sa da nake samowa wajen mahautan Shinkafi, murfi kuma da ƙwallon goruba. A huda, a gurje, a goge da man kaɗe, a zura bututun tawada. In an goge ƙaho da kyau, mutum na ganin fuskarsa a jiki.

Shekara uku ina wannan aiki da biro soke a aljihun gaba. In aka miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau a gida. (Ban taɓa mallakar tabarau ba.)

Da aka sa ranar walimar ritayarsa, na ce lokacin godiya ya zo. Bakina ba ya iya ta, hannu zai yi. Na zaɓi ƙaho baƙi mai zanen fari, na kwana tara a kansa. Saura suna. Na leƙa wajen maƙwabcin rumfata, Isiya mai maganin gargajiya, na ce, "Hannuna da mai, rubuta mini Malam Basiru." Ya yago takardar da yake liƙa wa kwalabensa, ya rubuta a baya, ya miƙo, ya ce, "Ga shi nan a baya."

A rumfa na duba. Gefe ɗaya rubutun Isiya, kamar sawun kaji. Ɗaya gefen rubutun inji, manya, a miƙe. Duka kalma biyu biyu. Na gwada su da ido yadda nake gwada katako: farkonsu iri ɗaya, kalma ta biyu kusan iri ɗaya. Na ce to, abu guda ne, mai kyan zan kwafa. (Isiya na nan taku biyar daga inda nake. Girman kai ya hana ni tambaya.) Na gasa ƙusa a wuta, na zana harafi bayan harafi. Wallahi ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba.

Ranar walima filin makaranta ya cika: malamai, iyaye, manyan gari a kan kujerun roba. Aka kira ni. Mai gabatarwa ya karɓi biron ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku ga aikin hannu! Har da rubutu a jiki." Ya kai lasifika baki, ya karanta kafin ya yi tunani: "Maganin... Basir."

Sai wata malama ta fashe da dariya, sai fili duka. Isiya ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki, yana cewa, "Baya na ce maka, bawan Allah, baya!" Na tsere wa harsashi a daji. Ranar nan ban ga hanyar tserewa ba.

Malam Basiru ya tashi, ya karɓi biron, ya juya shi a hannu a hankali. Ya karɓi lasifika.

"Mi kuke ma dariya? Shekara talatin da biyar ina zaune bisa kujerar katako. Duk cikinku Na Dauran kaɗai ya san abin da ka damuna."

Dariyar ta bar kaina ta koma kansa, ya kuma ɗauke ta da gangan. Sannan ya jawo littafin baƙi ya sa hannu da biron a gaban kowa, ya soke shi a aljihu, rubutun na waje.

Washegari bayan la'asar sai ga shi a rumfata da littafin 'yan aji ɗaya. Ya zauna kan turmi.

"Na Dauran, tabaran nan naka, yaushe suka ɓace?"

"Malam, ba a haife su ba."

"Na sani tun makon da ka zo. Jira nike ka faɗa. Yanzu ba ni da aiki, kai kuma ba ka da sauran abin ɓoyo. Kama biro."

Na yi biro sun fi ƙarfin ƙirgata, amma ranar na fara riƙe ɗaya ta bakin da ake riƙewa. Yanzu ina rubuta sunan kowa, kuma ina karantawa sau biyu kafin ƙusa ta taɓa wuta. Na roƙi Malam in sake masa wani biron ya ƙi. Allah Ya saka wa mutumin nan da Aljanna, sau biyu yana rufa mini asiri.

Abin da na koya kaɗan ne. In akwai abin da ba ka sani ba, faɗa wa mutum ɗaya a rumfa. In ka ƙi, lasifika zai faɗa wa gari. Kuma kowace takarda, juya bayanta.