Waken Ladingo a Gindin Gamba

A hurumin Tudun Kyara, tun kaka da kakanni ciyawar gamba ce abinci, bajimai kuma ke mulki. Gambar ta tsufa ta yi tauri kamar tsintsiya, sai mai tumbi irin na shanu ke morar ta. Tumaki tauna kawai suke yi, ba ƙoshi, ba nono. Majalisar hurumin tana da doka guda da take ji da ita: ba a karɓar shaida sai a kan abin da ido ya gani a bisa ƙasa.

Wata tunkiya mai suna Ladingo ta haihu a farkon damina, hantsarta a bushe ƙamas. Ta ɗebo ƙwayoyin wake a bakin wata gona, ta danna su da kofato tsakanin gindin gamba. Suka tsiro, ganye bibbiyu, sai suka tsaya cak suka fara yin rawaya. Ɗanta kuwa kullum ƙara ramewa yake.

Ta kai kukanta gaban Sarki Tunau, bajimin da ke kwance a inuwar ɗorawa yana tuƙa.

"Ranka ya daɗe, kaɗan nake roƙo. A tuge gamba faɗin makwancin bajimi guda, wake ya sami wurin sa saiwa. In ya yi yaɗo zan sami nono, ɗana ya rayu."

Ta gabatar da mai shaidarta, wata tsohuwar tana da ake kira Tsahara. Tanar ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni a ƙarƙashin ƙasa nake zaune. Saiwar gamba ta saƙe ko'ina kamar tabarma, ni kaina da ƙyar nake ratsawa. Ruwa na sauka take shanyewa, saiwar waken da ba ta kai gashin jela ba ko ɗigo ba ta samu. Alhali waken nan shi zai mayar wa ƙasar ƙarfinta, har gambar ta amfana."

Waziri, wani jaki mai suna Ɗanbarau, ya miƙe ya gyara murya.

"Ya ku manyan hurumi, majalisar nan ba ta san zalunci ba. Rana ɗaya ke haska gamba da wake, ruwa ɗaya ke dukan su. Wa ya riƙe wa wake ƙafa? A tuge wani don wani ya miƙe, wannan son kai ne tsagwaronsa. Ita kuwa wannan baiwar Allah, ko ido ba ta da shi, me ta gani?"

Aka tuntsire da dariya, har da tumakin da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa. Wannan dariyar ta tumakin ita ta fi komai muni.

Don kada a ce ba a yi komai ba, Sarki ya naɗa kwamitin bajimai uku su duba tsiron. Suka tattake rabi da kofato, suka cinye kan sauran wai don su san ingancinsa. Suka dawo suna lasar baki, suka ba da rahoto cewa wake akwai daɗi, sai dai ba shi da juriya. Majalisa ta yaba musu. Tir.

Kafin gero ya fid da kai ɗan Ladingo ya mutu. Ta so ta tona masa rami, saiwar gamba ta hana kofatonta shiga, sai ta tura shi gindin wani kurmin ciyawar ta rufe da ganye.

Da damina ta zagayo, babu gambar da ta kai ta wannan wurin kore da laushi. Sarki Tunau ya tara majalisa a kanta.

"Ku duba da idonku. Ga ciyawar da aka so mu tuge."

Ya sunkuya ya cika baki. Da ya hango Ladingo tsaye a gefe, sai ya ce a matsa mata ita ma ta taɓa, ai hurumin na kowa ne.