Yadda Za Ka Tari Sanyi da Annoba Ba Tare da Ƙara Gado Ko Ɗaya Ba

Kai da aka ba kujera a ofishin lafiya, ga annoba ga sanyi na tahowa, kwantar da hankalinka. Shekara talatin na yi ina yawo da takardu a ofishinmu na nan arewacin Japan. Bi sawun maigidana Kuramoto, mataimakin shugaba, na yi maka alkawari ko bincike aka zo ba mai kama ka da laifi.

1. Yabi takardar

Tun ganye bai gama zuba ba, Shiraishi, babbar nas ta asibitin gari, ta kawo takarda. Gado ashirin take so a ƙara kafin ƙanƙara ta sauka.

"Yallaɓai, in tsofaffi suka fara tari ba ni da inda zan sa su. Har da mahaifiyarka fa, kowace shekara ƙirjin nan sai ya kawo ta."

Kuramoto ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna. "Kai, rubutu ya yi kyau! Za mu duba."

Haddace wannan. Kada ka ce e, kada ka ce a'a.

2. Sa ido a kan hatimi

Mutum goma sha ɗaya ne za su buga nasu a kan takardar, daga ƙarami zuwa babba, kowa ya ɗan karkatar da shi yana rusuna wa na shugaba. Da takardar ta iso wurin Kuramoto, na takwas, sai ya hango hatimi na uku a tsaye ƙyam.

"Wannan wane marar kunya ne? A sake daga farko!"

Ka ga sati shida a ɓagas. Ladabi ai shi ma magani ne.

3. Riƙe faks da kyau

Ka ce adadin masu cutar ta faks, injin aika takarda, kaɗai za a aiko. Ran da takardar injin ta ƙare, ba wanda ya kamu. Mun taɓa yin kwana biyu garin lafiya lau.

4. Nuna ana aiki

Buga hoton ɗan dabbar nan beyar sanye da takunkumi, a manna ko'ina. Wannan kam kwana uku hatimansa suka cika.

5. Kashe wayarka

Nan maigidana ya yi sake. Wata Talata da hantsi, ƙanƙara har gwiwa, direban motar asibiti ya kira shi. Mahaifiyar Kuramoto ce a bayan motar, numfashi na sarƙewa, asibiti bakwai sun ce ba wuri. Kuramoto ya kira Shiraishi.

"Gado ɗaya tak, ki taimake ni. Uwata ce."

"Na sani, ina hango motar ta taga. Gadajen suna kan teburinka, yallaɓai. Saura hatimi huɗu, har da naka."

Awa biyar tsohuwar ta yi a ƙofar asibiti. A cikin motar ta cika.

6. Kammala aiki yadda ya dace

Da ƙanƙara ta narke takardar ta fito, hatimi goma sha ɗaya reras, kowanne a sunkuye. Kuramoto da kansa ya kai wa Shiraishi, ya rame, kwat ɗin na yi masa yawa. Wallahi na tausaya masa.

Ta karɓa da hannu biyu, ta duba sama da ƙasa.

"Rubutu ya yi kyau, yallaɓai," in ji ta.

Abin lura: in ka bi matakan nan alhali kana da tsohuwa mai tari a gida, ba ruwana, ba ruwan iyalina. Duba ƙasan shafin nan da kyau, ba hatimina a ciki.